Idan Sankarar Fata Ta Yi Nisa: Wane Magani, Ga Wa, Kuma Da Wanne Za a Fara?

Likita kan ce sankarar fata ta yi nisa a hali biyu. Ko dai ƙarin ya ci wuri ya nutse har wuƙar tiyata ba za ta iya kwashe shi ba sai da ɓarna mai yawa, kamar wanda ya kewaye ido ko ya kama ƙashi. Ko kuma ya bar inda ya tsiro, ya fara sauka a kaluluwar hammata, wuya ko matsematsi, daga nan ya zarce huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. A melanoma, nau'in sankarar fata mafi saurin tafiya, in cutar ta tsaya a kaluluwar da ke kusa mataki na uku ke nan, in ta kai gaɓoɓin ciki ta shiga na huɗu.

Kafin 2011, mai melanoma a mataki na huɗu ba shi da wani abin kirki da za a miƙa masa. Kemo ɗin da ake da shi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara mai suna dacarbazine, tun shekarun 1970 ake amfani da shi, ƙalilan yake rage wa ƙari, kuma rabin majinyata ba sa kai shekara guda. Yau akwai waɗanda suka haura shekara goma. Magungunan da suka kawo wannan sauyi ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma jerin da aka bi wajen ba da su yana iya raba mai rai da mamaci. Saboda haka zancen ya wuce neman “maganin da ya fi ƙarfi”.

Sunan cutar tukuna

“Sankarar fata” suna ne da ya rufe cututtuka daban-daban. Basal ita ta fi yawa, tana cin wuri a hankali, da wuya ta bazu. Sikwamas tana fitowa a fatar da rana ta daɗe tana duka, shi ya sa take addabar zabiya, tana kuma tsirowa a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya ƙi warkewa. Melanoma daga ƙwayoyin da ke ba fata launi take tashi, ita ce ta fi saurin tafiya. A masu baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce: wani baƙin tabo a dunduniya da gefensa bai daidaita ba, ko baƙin layi a farcen babban yatsa da ke ƙara faɗi har launin ya tsallaka fatar gindin farcen. Sau da yawa ana ɗaukarsa taruwar jini ko kaushi, sai a yi watanni ana shafa masa magani. Sai sankarar Merkel, wadda ba ta da yawa amma ba ta da wasa.

Ba a fara magani sai an yanki ɗan nama an duba a ɗakin gwaji. In melanoma ce, a kan naman nan za a nemi wani sauyi a ƙwayar gado mai suna BRAF, domin sakamakon yana buɗe wata ƙofar magani ko ya rufe ta. Za a ɗauki hoton CT ko PET na ƙirji da ciki, da hoton MRI na ƙwaƙwalwa ko da majinyaci bai taɓa kukan ciwon kai ba, saboda melanoma ta iya laɓewa a can shiru. A jini ana auna wani sinadari mai suna LDH, wanda hauhawarsa ke nuna cutar na gudu, sannan aikin hanta, ƙoda, tayirod da suga. Ana kuma binciken ciwon hanta nau'in B da C, da HIV, da tarin fuka. Dalilin wannan na ƙarshe zai fito a gaba.

Sakin linzamin garkuwar jiki

A cikin jini akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, aikinsu su gano baƙon abu su kashe. Da yake suna da haɗari in suka yi wa jiki kansa tawaye, an halicce su da linzami. Biyu daga cikin linzaman su ne CTLA-4, wanda ke riƙe su tun a cikin kaluluwa lokacin da ake shirya su, da PD-1, wanda ke tsayar da su a bakin ƙarin kansa. Dabarar sankara ita ce ta sa wani sinadari mai suna PD-L1 a bayanta; ƙwayar T ta iso, sinadarin ya ja linzaminta, ta juya ba ta taɓa komai ba. Tasuku Honjo ne ya gano PD-1 a Kyoto a 1992, James Allison kuma ya nuna a 1996 cewa toshe CTLA-4 na sa ƙari ya narke a jikin ɓeraye. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 2018.

Imunoterafi, a wannan fage, shi ne maganin da ke tsinke linzamin nan. Shi kansa ba ya kashe sankara, garkuwar majinyaci ce ke yin aikin. Daga nan alherinsa da sharrinsa duka suka fito: yana ɗaukar lokaci kafin a ga tasiri, in ya kama yana daɗewa ko bayan an daina, kuma dokin da aka sakar wa linzami ba ya tantance gonar da zai shiga.

Amurka ta amince da ipilimumab, mai toshe CTLA-4, a 2011. Pembrolizumab da nivolumab, masu toshe PD-1, suka biyo a 2014. Galibi ta ƙarin ruwa ake ba da su, kusan minti 30, majinyaci ya tashi ya tafi gida a ranar; gashi ba ya zuba, amai ma ba kasafai ba. Pembrolizumab miligiram 200 ne duk mako uku ko 400 duk mako shida. Nivolumab 240 duk mako biyu ko 480 duk mako huɗu. In za a haɗa biyu, ana ba da ipilimumab miligiram 3 da nivolumab miligiram 1 a kan kowane kilo na nauyin jiki, duk mako uku har sau huɗu, daga nan a ci gaba da nivolumab shi kaɗai.

Gwajin da aka fi dogara da shi a nan shi ne CheckMate 067, mai majinyata 945, wanda aka fitar da sakamakonsa na shekara goma a 2024. Cikin waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 43 cikin 100 na raye bayan shekara goma. Masu nivolumab kaɗai kashi 37. Masu ipilimumab kaɗai kashi 19. Wanda ya tsaya a nan zai ce a haɗa wa kowa biyun. Amma illa mai tsanani ta sami kusan kashi 59 na masu haɗin, alhali a masu nivolumab kaɗai kusan kashi 23 ne. Tazarar shida cikin ɗari a rayuwa, an saye ta da ninka haɗari fiye da sau biyu. Shi ya sa a ganinmu haɗin ya fi cancanta inda tazarar ta fi faɗi: cutar da ta shiga ƙwaƙwalwa, LDH mai yawa, ƙari a hanta, ko mai sauyin BRAF. A ƙwaƙwalwa musamman, gwajin CheckMate 204 ya nuna fiye da rabin waɗanda ba su fara nuna alamu ba ƙarinsu ya ragu ko ya ɓace da haɗin, abin da magani guda bai kusanta ba. Tsoho mai rauni, ko wanda asibiti ya yi masa nisa in wani abu ya taso da dare, magani guda ya fi masa kwanciyar hankali.

Akwai tsaka-tsaki biyu. Ana iya juya awon, a ba da ipilimumab 1 da nivolumab 3, illa mai tsanani ta sauko daga kusan kashi 48 zuwa 34 a gwajin da aka kwatanta su. Ko a yi amfani da relatlimab, mai tsinke linzami na uku da ake kira LAG-3, wanda aka amince da shi a 2022 haɗe da nivolumab a kwalba ɗaya, miligiram 160 da 480 duk mako huɗu. Ya ɗaga tsawon lokacin da cutar ke tsayawa daga wata 4.6 na nivolumab kaɗai zuwa 10.1, illarsa kuma ba ta kai ta haɗin ipilimumab ba.

Ƙwayoyin BRAF: sauri ba ɗorewa

Kusan rabin melanomar da ke fitowa a fatar da rana ke duka tana ɗauke da sauyin BRAF, wanda ke barin injin rarrabuwar ƙwayar a kunne dare da rana. Ana kashe injin da ƙwayoyin haɗiya biyu tare: dabrafenib miligiram 150 safe da yamma da trametinib miligiram 2 sau ɗaya, da ciki wayam, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa, ko encorafenib 450 sau ɗaya da binimetinib 45 sau biyu. Ba a ba da dabrafenib ko encorafenib shi kaɗai, domin cutar na saurin samun hanyar kewaye shi, kuma shi kaɗai yana iya tsirar da sabuwar sikwamas a fata.

Aikinsu kamar yankan wuƙa ne. Kusan biyu cikin uku ƙarinsu na raguwa, wani cikin kwanaki zafi ya lafa, numfashi ya dawo. Sai dai a rabin majinyata, kafin a cika shekara ko jim kaɗan bayanta cutar ta koyi maganin ta dawo. Gwajin DREAMseq ya ɗauki masu BRAF ya raba su: waɗanda aka fara musu da imunoterafi kashi 72 na raye bayan shekara biyu, waɗanda aka fara da ƙwayoyin kashi 52. Magunguna iri ɗaya ne, jeri kawai ya bambanta. Don haka ƙa'ida ita ce a fara da imunoterafi, a ajiye ƙwayoyin a aljihu. Inda ake karya ƙa'idar shi ne majinyacin da cutar ke ci kamar wutar daji, wanda ba zai iya jiran makonnin da garkuwa ke buƙata ba; shi ana fara kashe wutar da ƙwayoyin, in ya farfaɗo a sauya.

Babbar damuwar dabrafenib da trametinib zazzaɓi ne, yana kama kusan rabin masu sha, da rawar sanyi. In zafin jiki ya kai digiri 38, a dakatar da duka biyun, a tabbatar ba wata cuta ce ta shigo ba, a koma bayan an yi awa 24 lafiya lau. Ana kuma duba ƙarfin bugun zuciya da ido lokaci-lokaci.

Wani gyara da ya kamata a faɗa ƙarara: yawancin alƙaluman nan daga masu melanomar rana aka samo su. Ta tafin ƙafa da farce ba ta cika ɗaukar BRAF ba, kusan ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka, kuma da yake sauye-sauyen gadonta ba su da yawa, garkuwa ba ta saurin gane ta a matsayin baƙuwa, imunoterafi bai cika kama ta kamar waccan ba. Har yanzu shi ake farawa da shi, sau da yawa haɗin biyun, amma ya kamata a nemi gwajin wata ƙwayar gado mai suna KIT, domin ƙalilan masu ita kan amfana da imatinib.

Kafin wuƙa ko bayanta?

A mataki na uku da ake iya yi wa tiyata, al'adar da ita ce a cire kaluluwar, sannan a ba da pembrolizumab, nivolumab ko ƙwayoyin BRAF na shekara guda don hana dawowa. Yanzu tunani ya juya. In ƙarin na nan aka saki linzami, garkuwa na da abin da za ta koya a kai. In an riga an cire, an ɗauke mata allon karatu. Gwajin SWOG S1801 ya ba da pembrolizumab sau uku kafin tiyata sauran bayanta: kashi 72 suka cika shekara biyu ba matsala, a kan kashi 49 na waɗanda aka ba duka bayan tiyata. Gwajin NADINA na 2024, da zagaye biyu kacal na haɗin ipilimumab da nivolumab kafin tiyata, ya nuna irin wannan fifiko. Ma'anarsa a aikace: wanda aka tarar da kaluluwa mai melanoma ya ga likitan sankara kafin a sa ranar tiyata.

Inda gizo ke saƙa

Garkuwar da aka saki na iya afka wa kowace gaɓa, kuma alamun suna kama da ƙananan cututtukan yau da kullum. Nan ake asarar mutane. Ƙuraje da ƙaiƙayi su ke fara zuwa, a makonnin farko. Kumburin hanji kan biyo bayan wata ɗaya zuwa biyu, na hanta da na gaɓoɓin da ke sarrafa sinadaran jiki a wata na biyu zuwa na uku, amma kowanne na iya ɓullowa watanni bayan an gama magani.

A ɗauki gudawa. Majinyaci ya san sau nawa ya saba zagayawa a rana, ya riƙa ƙirga abin da ya ƙaru a kai. In abin da ya ƙaru bai kai sau huɗu ba, a sanar da likita a sa ido. Sau huɗu zuwa shida, ko jini ko majina a bayan gida, ko murɗar ciki, a dakatar da maganin, a gwada bayan gida, a fara prednisolone, maganin sitiroyid mai danne kumburi, kusan miligiram 1 a kan kowane kilo. Sau bakwai zuwa sama kwanciya asibiti ce, sitiroyid ta jijiya, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sha maganin tsayar da gudawa a yi shiru: fitar ta ragu, hanji na ci gaba da ƙonewa har ya huje. In kwana uku zuwa biyar suka wuce sitiroyid bai yi ba, sai infliximab, wani maganin danne garkuwa, miligiram 5 a kowane kilo. Wannan maganin na tayar da tarin fuka da ciwon hanta B da suka kwanta, dalilin gwajin farko ke nan. Kuskure na biyu shi ne yanke sitiroyid da zarar an ji sauƙi. Ana janye shi sannu-sannu cikin mako huɗu zuwa shida, in ba haka ba kumburin ya dawo.

Hanta ba ta kuka, a gwajin jini ake kama ta, shi ya sa ake ɗibar jini kafin kowane zagaye: awon sinadarin hanta mai suna ALT ya ninka iyakarsa sau uku a dakata, ya wuce sau biyar magani mai ƙarfi. Busasshen tari da haki a wajen mai shan waɗannan magunguna hoton CT yake buƙata, kada a tsaya ga maganin tari. Kumburin tsokar zuciya bai fi kusan ɗaya cikin ɗari ba amma yana kisa, don haka ciwon ƙirji, bugun zuciya ko faɗuwar fatar ido a makonnin farko abin gaggawa ne.

Wasu illolin ba sa komawa. Tayirod, wadda ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, in ta mutu sai levothyroxine, madadin sinadarinta, har abada. In gaɓar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ko wadda ke saman ƙoda ta lalace, jiki ya rasa sinadarin kotisol: kasala mai tsanani, ciwon kai, jiri, hawan jini ya faɗi. Ana yawan cewa “ai ciwon ne ke gajiyar da shi”, alhali gwajin jinin safe ɗaya zai tona asiri, hydrocortisone, madadin kotisol, kuma ya tashe shi cikin kwana guda. In tayirod da kotisol duka suka gaza, da hydrocortisone ake farawa kafin levothyroxine, juya jerin na iya jefa mutum cikin suma. Ciwon suga mai buƙatar insulin ma kan faɗo farat ɗaya. Farin tabo mai kama da na zabiya kuwa, in ya fito wa mai melanoma, galibi alama ce garkuwa ta kama aiki.

Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta, imunoterafi na iya sa jiki ya ƙi gaɓar, kuma hakan na faruwa ga kaso mai yawa. Mai ƙoda yana da wankin ƙoda a bayansa, mai hanta ba shi da madadi. Mai cutar da garkuwa ke yaƙar jiki tun asali sai an auna da kyau. HIV da ake shan maganinsa ba ya hana.

Sauran nau'o'in

Sikwamas da ta fi ƙarfin tiyata da gashin na'ura, wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi, tana amsa imunoterafi sosai, saboda rana ta cika ta da sauye-sauyen da garkuwa ke gani. Cemiplimab, miligiram 350 duk mako uku, an amince da shi a 2018, yana rage ƙari a kusan rabin majinyata. Pembrolizumab ma na yi. Matsalar ita ce masu dashen gaɓa suna cikin waɗanda sikwamas ta fi kamawa, su kuwa sai a koma ga cetuximab, kemo irin su cisplatin, da gashin na'ura. Basal da ta yi nisa ana fara ta da vismodegib 150 ko sonidegib 200 a rana. Suna aiki, amma ɗaurewar tsoka, gushewar ɗanɗano da zubar gashi kan sa da yawa su gaji su daina, kuma suna nakasa ɗan tayi ƙwarai, don haka hana ɗaukar ciki wajibi ne ga mace da namiji. In sun gaza, cemiplimab. Sankarar Merkel ana ba ta avelumab ko pembrolizumab.

In maganin farko bai yi ba

Hoton farko bayan kusan mako 12 ake ɗauka. Wani lokaci ƙarin kan bayyana kamar ya girma alhali ƙwayoyin garkuwa ne suka cika shi. Wannan bai kai ɗaya cikin goma ba, don haka in majinyaci na jin daɗin jikinsa a sake hoto bayan mako huɗu zuwa takwas, in kuwa yana ramewa ciwo na ƙaruwa, kada a ruɗi kai. Wanda ya fara da magani guda ana iya ƙara masa ipilimumab. Mai BRAF ya koma ƙwayoyi. Wuri ɗaya ko biyu da suka bijire ana iya yanke su ko a gasa su, ƙananan ƙari na ƙwaƙwalwa kuma ana harbinsu da gashi mai saiti a zama ɗaya zuwa biyar. Ƙulle-ƙullen da ke fata ko kaluluwa ana iya yi musu allurar T-VEC, ƙwayar cutar da aka horar, wadda aka amince da ita a 2015. Tana narkar da inda aka soka, ba ta cika kai wa gaɓoɓin ciki ba.

A 2024 aka amince da lifileucel. Ana yanko ƙarin majinyaci, a tsamo ƙwayoyin T da suka riga suka kutsa cikinsa, a hayayyafa su zuwa biliyoyi cikin kusan mako uku, a share masa garkuwa da kemo na mako guda, a mayar masa da su, a bi da interleukin-2, sinadarin da ke ƙarfafa su, har sau shida. Kusan kashi 31 na waɗanda sauran magunguna suka gaza musu sun amsa. Aiki ne mai wahala, sai mai ƙarfin zuciya da huhu, kuma cibiyoyi ƙalilan ke yin sa.

Maganin zafi, kula da gyambon da ke wari ko zubar jini, da gashin na'ura don rage ciwon ƙashi suna tafiya tare da duk waɗannan tun ranar farko. Ga wanda maganin ya karɓa kuwa, galibi ana tsayawa a shekara biyu, wani lokaci kafin haka in hotuna sun nuna cutar ta ɓace gaba ɗaya. Wanda illa ta tilasta wa daina haɗin biyun bayan zagaye biyu ko uku bai yi asara ba, a CheckMate 067 irinsu sun rayu kamar waɗanda suka kammala. Bayan an daina ana ci gaba da hoto duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, da gwajin tayirod, majinyaci kuma ya riƙe kati mai sunan maganin da ranar zagayen ƙarshe, ya nuna wa duk likitan da ya je wurinsa da gudawa, tari ko kasala, ko da shekara ta zagayo.